Daga Beijing zuwa Khartum

Wani mai sauraronmu daga Omdurman yana tambaya: shin Sudan na da fim irin Beijing Bastards?

To Malam, wancan fim Zhang Yuan ne ya shirya shi a 1993 ba da kuɗin gwamnati ba, da mawaƙin rock Cui Jian a ciki, kan samarin da zaman birni ya gundura. Hukumomin Sin suka hana nuna shi.

A Sudan, mafi kusa shi ne Sudan, Remember Us na Hind Meddeb, na 2024, wanda ya bi matasan Khartum tun daga zaman dirshan na 2019. Sai dai su waƙoƙin gwagwarmaya da rap suka riƙe, ba rock ba. Jitar lantarki kuwa, ai ɗan garinku Sharhabil Ahmed ya yi fice da ita tun shekarun 1960.