Ƙaunar da Take Girmar da Mutum: Darasi Daga Ƙofar Gayan

Karatu: Markus 5:25-34

A birnin Zariya, wajen Ƙofar Gayan, akwai asibiti mai sunan Hajiya Gambo Sawaba, inda ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki. Da yawansu 'yan mata ne da aka aurar tun jikinsu bai ƙosa ba. Naƙuda takan yi kwana biyu ko uku a gida, kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu, kafa ta buɗe. Galibi jaririn ba ya rayuwa. Daga nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana, sau da yawa miji ya sallame ta, ƙawaye su janye.

Irin wannan yarinya rauni biyu gare ta. Na jiki, likita yakan ɗinke shi a rana ɗaya. Na zuciya kuwa yana daɗewa, gama girmanta ya tsaya tun ranar da aka guje ta. Takan zama mai tsoro, mai saurin fushi, ba ta amince da kowa. Duniya kuma ba ta tsayawa domin ta: kasuwa tana ci, ana ta bukukuwa, kowa yana sha'anin gabansa.

A cikin karatunmu, matar ta shekara 12 tana zubar jini, ta kashe duk abin da take da shi wurin masu magani. Bisa ga Shari'ar Musa ita marar tsarki ce, don haka ta zo ta baya a ɓoye. Tana taɓa rigar Yesu ta warke. Duk da haka Ubangiji ya tsaya yana neman wadda ta taɓa shi, alhali Yayirus, shugaban majami'a, yana jiransa. Ya bar ta ta faɗi dukan labarinta a gaban jama'a, ya kira ta 'yarsa. Bayan lafiyar jiki, ya maido mata da murya da matsayi cikin mutane.

Haka ya faru a zamaninmu da Mamitu Gashe ta ƙasar Habasha. A 1962, tana 'yar shekara 16, aka kawo ta Addis Ababa da wannan ciwo wurin likitoci Reginald da Catherine Hamlin. Bayan aiki suka riƙe ta kamar 'yar cikinsu. Ta fara da gyaran gadajen majinyata, sa'an nan ta riƙa taimaka wa Reginald a ɗakin tiyata, har ta iya aikin da hannunta. Ga mace da ba ta taɓa shiga aji ba, ta zama mai koya wa likitoci daga ƙasashe dabam-dabam. Da tausayi kaɗai suka nuna mata, da ta dawwama tana jiran a ba ta. Ƙaunarsu ta amince da ita, ta ɗora mata nawaya kaɗan-kaɗan, ta jira ta da haƙuri.

Ita ma wadda asibitin Ƙofar Gayan yake ɗauke da sunanta ta ɗanɗani wannan ɗaci. An haifi Gambo Sawaba a 1933, ta zama marainiya tun tana ƙarama, aka yi mata aure tana 'yar shekara 13. A jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano aka ba ta jagorancin mata. Ta sha ɗauri saboda kare 'yancin mata da yaƙi da auren wuri, gidanta kuma ya zama mafaka ga yaran da ba ita ta haifa ba, har ta rasu a 2001. Musulma ce, rayuwarta kuwa ta isa ta tsawata mana mu da muke yawan wa'azin ƙauna.

Tun 2013, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 23 ga Mayu domin yaƙi da yoyon fitsari, amma rana ɗaya ba ta renon mutum. Iyaye, kada ku aurar da yarinya kafin ta ƙosa. Maza, ku kai matanku awo, kada naƙuda ta kwana a gida. Zumuntar Mata, ku raka mai wannan ciwo asibiti. Idan ta dawo, ku kira ta da sunanta, ku zauna kusa da ita a majami'a, ku koya mata sana'a, ku ba ta wani aiki a ƙungiya. In ta yi kuskure ko ta yi fushi, kada ku karɓe aikin daga hannunta.

Tambayoyi don tattaunawa:
1. Don me Yesu bai bar matar ta tafi a ɓoye ba?
2. Wa muke taimaka wa a unguwarmu ba tare da mun amince masa da kome ba?
3. Wane aiki za mu iya danƙa masa a wannan wata?

Ubangiji Yesu, ka ba mu zuciyar da take tsayawa domin wanda taro ya wuce. Amin.