Darasi: Guzurin Lafiya da na Waya Kafin Mu Kama Hanya

'Yan uwa, tun da sojojin gwamnati suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025, da yawanmu ke shirin ƙetara iyaka mu koma Mai Wurno, Sinja, Damazin ko ƙauyukan Jazira. Kafin mu ɗaure kaya, mu tanadi guzuri biyu: na lafiya da na waya.

Na farko, ruwa. A Agustan 2024 hukumomin Sudan suka sanar da ɓarkewar kwalara, kuma ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarta. Mu tafasa ruwan sha, ko mu saka ƙwayar kulorin mu jira minti 30. Idan gudawa ta kama wani a hanya, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi har a isa asibiti. Mu hana yara wanka a magudanan gonakin Jazira, domin nan tsargiya take.

Na biyu, magani da takardu. Mu tafi da gidan sauro. Mai ciwon suga, hawan jini ko tarin fuka ya je asibitin sansani ya karɓi magani da takardar da ke nuna abin da yake sha. Katin rigakafin yara a naɗe shi a leda, a kuma ɗauki hotonsa da waya.

Na uku, layi. Kada mu yar da layinmu na Zain, MTN ko Sudani don mun sayi na ƙasar da muke. WhatsApp na ci gaba da aiki da tsohuwar lamba, amma in aka canza waya, can za a turo lambar tabbatarwa. Kada mu ba kowa lambar sirrinmu ta Bankak.

Mu tuna Fabrairun 2024, lokacin da layuka suka ɗauke kusan duk faɗin Sudan. Saboda haka mu rubuta lambobin dangi a takarda, kowane yaro da tasa a aljihu. Mu faɗa wa wani hanyar da za mu bi da ranar da muke sa ran isa. Wanda ya rabu da nasa ya nemi ma'aikatan Red Cross ko Red Crescent. Aikin haɗa iyali kyauta ne.

Allah Ya kai mu lafiya.