Lissafin lanƙwasa: shawara ga injiniyoyin Isa

A Isa da Sabon Birni, guguwar farkon damina ce ke gwada aikin ƙarfe: ta yaye kwanon rufi, ta jijjiga hasumiyar tankin burtsatse.

Manhajoji irin su ANSYS da Abaqus suna yanka gini gunduwa-gunduwa, su lissafa kowane yanki. In ba a sauya musu saiti ba, sai su ɗauka lanƙwasar ƙarama ce, siffar ginin tana nan yadda take. Ga lintar kankare, wannan ya wadatar.

Hasumiya fa daban ce. Tanki mai lita 10,000 tan 10 na ruwa ne a bisa dogayen ƙafafu. Iska ta ɗan ture saman, nauyin nan ya ƙara karkatar da shi, kuma lissafin ƙaramar lanƙwasa bai ganin wannan ƙarin. Nan haɗarin yake.

Siririn farantin ƙarfe kuwa, da lotsawarsa ta kai rabin kaurinsa sai ya ɗaure kamar fatar ganga, abin da lissafin von Kármán na 1910 ya bayyana.

Don haka injiniya ya kunna lissafin babbar lanƙwasa, ya riƙa ɗora nauyin kaɗan-kaɗan, ya gwama sakamakonsa da na lissafin ƙaramar lanƙwasa. In sun yi hannun riga, da na babbar lanƙwasa zai yanka ƙarfe.