Yini Guda a Ƙanƙarar Yellowstone: Shirin da Matafiyi Zai Yi Kafin Ya Hau Babur

Da zarar watan Nuwamba ya kama, hukumar da ke kula da gandun dajin Yellowstone na Amurka takan rufe kusan dukkan titunan cikinsa ga motoci. Hanya ɗaya tak ake bari a buɗe duk shekara, wadda ta taso daga garin Gardiner ta ratsa kwarin Lamar zuwa Cooke City, can arewacin gandun. Sauran kuwa sai a ƙyale dusar ƙanƙara ta binne su, injuna su bi suna daddanne ta har ta zauna daram. A tsakiyar Disamba ake sake buɗe su, amma ga abin hawa iri biyu kacal: babur ɗin ƙanƙara, da babbar motar fasinja mai ƙatta-ƙattan tayoyi ko sarƙa irin ta katafila. Haka za a yi ta tafiya har tsakiyar Maris. A cikin waɗannan watanni uku ne ake yin fitar yini guda da ɗan jagora, a hau babur da safe, a ga duwatsu da namun daji da maɓuɓɓugan ruwan zafi, a dawo kafin duhu.

Mafi yawan masu zuwa daga West Yellowstone suke tashi, wani ƙaramin gari a jihar Montana da mutanensa ba su kai 1,500 ba, wanda ke bakin ƙofar yamma ta gandun. Daga nan mil 14 ne zuwa mahaɗar Madison, sai wasu mil 16 zuwa maɓuɓɓugar Old Faithful. Zuwa da dawowa ya kusa kilomita 100. A lissafin tazara wannan ba wata tafiya ba ce, amma tana cinye yinin gaba ɗaya, domin tsayawa ta fi tafiyar yawa.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata matafiyi ya fahimta kafin ya biya kuɗinsa. Wanda ya zo da niyyar tsere da tayar da ƙura zai koma da ɓacin rai. A cikin gandun ba a yarda babur ya wuce gudun mil 35 a awa ba, wato kimanin kilomita 56. Ba a sauka daga titi. Ba a wuce ɗan jagora. Ana tafiya ne a jere, ɗaya bayan ɗaya, a hannun dama, kuma ayari ɗaya ba ya wuce babura goma.

Dokokin suna da tarihi. An kafa Yellowstone ranar 1 ga Maris, 1872, shi ne gandun daji na ƙasa na farko a Amurka, amma sai a 1963 baburan ƙanƙara suka fara shigarsa, shekaru kaɗan bayan kamfanin Bombardier na Kanada ya fito da Ski-Doo a 1959. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ɗaruruwa ke shiga kullum, da tsofaffin injuna masu ƙara da baƙin hayaƙi, har daga baya ta kai ga ma'aikatan da ke ƙofar yamma suna sa takunkumin numfashi a bakin aiki. A shekarar 2000 gwamnati ta yanke shawarar hana su baki ɗaya, gwamnatin da ta biyo baya ta soke, aka yi ta jeka-ka-dawo a kotuna fiye da shekara goma. Tsarin da aka tsayar a 2013 shi ne ake bi: ayari 110 ne iyakar abin da zai shiga a rana, na babura ba za su wuce 50 ba, kuma sai injin da ya cika ƙa'idar rage hayaƙi da ƙara. Akwai 'yan gurabe da ake rabawa ta hanyar ƙuri'a ga masu son shiga ba tare da kamfani ba, amma baƙo daga nesa ba ya buƙatar wannan wahalar. Kuma gaskiya tsaurin nan shi ya gyara tafiyar. Idan ɗan jagora ya ɗaga hannu aka kashe injuna a bakin kogi, mutum zai ji kukan tsuntsu da gudun ruwa, abin da a da ƙarar inji kan danne.

Tuƙin ba shi da wuya, amma sai da lasisin tuƙin mota mai aiki. Takardar koyo ba ta wadatarwa. Mai lasisin wata ƙasa ya rubuta wa kamfanin tun kafin ya biya, ya ji ko za su karɓa ko sai ya haɗa da lasisin ƙasa-da-ƙasa. Wanda ba shi da shi zai iya zama a baya a goya shi. Babur ɗin yana da takalman sulɓi biyu a gaba da sarƙar roba a baya. Ba giya, ba kuloci. Totur wani ɗan harshe ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki kuma yana hannun hagu. Wanda ya saba da babur na titi zai ga hannunsa yana neman murɗa totur, jikinsa yana neman kwantar da abin hawan a kwana, ƙafarsa tana neman taka ƙasa in an tsaya. Duk ukun sai ya bar su. A nan da ƙarfin kafaɗa ake juya kan, mutum ya ɗan karkata jikinsa ta ɓangaren da zai juya, ƙafafu kuma su zauna a matakinsu. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne su firgita su damƙe hannu, babban yatsa ya danne totur a daidai lokacin da suke son tsayawa. Maganinsa a bar tazara mai yawa tsakanin babur da na gabansa. Bayan awa guda yatsan zai fara ciwo, wannan kowa yana ji.

Sanyi ne babban abokin gaba. Da rana tsaka ma'auni yakan tsaya tsakanin digiri 5 da 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, da safe kuwa yakan fi haka sauka. A kusa da wannan ƙofa ta yamma aka auna digiri 54 ƙasa da sifiri ranar 9 ga Fabrairu, 1933. Ga kuma iskar da gudun babur ke ƙarawa. Kamfanoni suna ba da hayar rigar sama mai haɗe da wando, da takalma, da safar hannu, da hular kwano; wasu suna haɗawa cikin kuɗin tafiya, wasu suna caji daban. Abin da ke ƙarƙashin wannan rigar shi ne aikin matafiyi. A guji auduga a jikin fata, domin tana shan gumi ta riƙe, sai ta koma sanyi ƙarara. A sa ta ulu ko ta zaren roba mai manne wa jiki, a ɗora mai kauri, a sami ƙyallen da zai rufe wuya da haɓa da hanci. Safa ɗaya mai kauri ta ulu ta fi uku da za su matse ƙafa su hana jini gudu. Hannayen babur suna da na'urar ɗumi, amma ƙafa da kumatu ba su da mai ceto. Duk wanda ya ji yatsunsa sun mutu, ko aka ga wani wuri a fuskarsa ya yi fari fat, ya faɗa wa ɗan jagora nan take. Kunya ba ta da amfani a nan. Akwai ɗakin jin ɗumi a Madison, an gina shi ne don haka.

Sai ƙananan abubuwa: tabarau mai duhu saboda hasken rana da ke dawowa daga ƙanƙara, man leɓe, da gorar ruwa. West Yellowstone yana sama da mita 2,000 daga teku, Old Faithful ya haura 2,200, kuma busasshiyar iskar wurin tana jawo ƙishirwa da ciwon kai ba tare da mutum ya lura ba. Waya ta zauna a aljihun ciki, kusa da jiki, don sanyi yana zuƙe batir cikin 'yan mintoci.

Mil 14 na farko, a gefen kogin Madison, su ne suka fi daɗin kallo. Kogin ba ya daskarewa saboda ruwan ɗumin da ke kwararo masa daga kogunan Firehole da Gibbon, don haka namun daji suke taruwa a bakinsa. Ana ganin fararen agwagin ruwa masu dogon wuya suna iyo cikin tururi, gaggafa mai farin kai a saman busasshen itace, wani lokaci dila yana sanɗar ɓera a ƙarƙashin ƙanƙara. Dutsen Haynes yana tsaye a hannun dama, baƙin dutse da farin rawani.

Sai ɓaunar Amurka. A 1902 waɗanda suka rage a daji a gandun ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Yau suna da dubbai. Da hunturu sun fi son bin titin da aka daddanne, domin ya fi sauƙin takawa a kan ƙanƙarar da ke kai musu ƙirji, saboda haka da wuya a yi yinin ba a yi kiciɓis da garke a tsakiyar hanya ba. Ɗan jagora zai sa kowa ya raɓe gefe. Wani lokaci zai ce a sauka a tsaya ta bayan babur, ya zama shi ne tsakanin mutum da dabbar. Daga nan sai jira. Bijimin yakan kai kilo 900, zai zo ya wuce a hankali, gemunsa da girarsa sun yi fari da raɓar da ta daskare, numfashinsa yana fita kamar hayaƙi, ana jin ƙarar ƙanƙara tana ɓarkewa a ƙarƙashin kofatonsa. Idan ya tsaya kiwo, da ƙaton kansa yake share dusar, dama da hagu, har ya kai ga busasshiyar ciyawa. Natsuwarsa tana ruɗar mutane, alhali yana iya gudun kilomita 55 a awa. Doka ta ce a bar masa mita 23, a bar wa kyarkeci da beyar mita 91. Akwai wani dalilin bayan tsaron kai: duk gudun da aka sa dabba ta yi a Janairu, kitsen da za ta kai bazara da shi ne aka ƙona mata.

Daga Madison hanya ta juya kudu ta bi kogin Firehole. Nan ƙasa take fara hayaƙi. Gandun yana zaune ne a kan bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya yi babbar fashewarsa ta ƙarshe kimanin shekara 640,000 da suka wuce, kuma zafin da ke ƙasa shi ke ciyar da maɓuɓɓugai sama da 10,000, cikinsu fiye da 500 masu feso ruwa sama. A Fountain Paint Pot ana ajiye babura a taka gadar katako a ga taɓo yana tafasa yana ɓulɓula. Itatuwan gefe duk tururi ya daskare a jikinsu sun koma farare tas. Gadar tana santsi, kuma barinta haramun ne, domin ƙasar gefe ɓawo ce marar kauri a kan tafasasshen ruwa. Mutum fiye da 20 sun rasa rayukansu a maɓuɓɓugan gandun. Wanda ya zo don launukan tafkin Grand Prismatic da ya gani a hoto ya rage buri, da hunturu tururi kan lulluɓe shi.

Old Faithful, wanda ayarin masu bincike na Washburn ya raɗa wa suna a 1870, yana fesowa kusan kowane minti 90, ruwan ya tashi mita 30 zuwa 55 na tsawon minti ɗaya da rabi zuwa biyar. Ana rubuta lokacin da ake sa ran fesowa ta gaba a cibiyar baƙi, kuma a kansa ɗan jagora ke tsara cin abinci. Da rani dubban mutane ke cika benci. Da hunturu sai ayari kaɗan. Tsohon otal ɗin katako na 1904 a rufe yake, masaukin Snow Lodge ne ke aiki.

Wannan hutun ne damar salla. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, don haka matafiyi Musulmi zai ji daɗin haɗa azahar da la'asar a nan, inda akwai ɗaki mai ɗumi da ruwan alwala. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas. Abincin da kamfanoni ke shiryawa sau da yawa burodi ne da yankakken nama, kuma naman alade yana cikin waɗanda aka saba sawa. A faɗa musu tun ranar biyan kuɗi. Daga 2026 zuwa 2030 watan Ramadan yana faɗowa cikin wannan kakar, sai mai shiri ya duba kalanda.

Mai son manyan duwatsu ya tashi daga Jackson a jihar Wyoming. Mota za ta ɗauke shi da asuba ta bi gindin duwatsun Teton, waɗanda mafi tsayinsu ya kai kusan mita 4,200, zuwa Flagg Ranch, daga nan a hau babur ta ƙofar kudu, a haura mashigar Craig mai sama da mita 2,500. Wannan hanyar ta fi tsawo, ta fi gajiyarwa, takan kai awa 12 daga fita zuwa dawowa. Mai son ɗan sakin totur kuma ya ware wata rana don dutsen Two Top da ke wajen gandun, kusa da West Yellowstone, shi ma da ɗan jagora, don a gangaren duwatsun yankin ƙanƙara tana zaftarewa ta binne mutane. Tsofaffi, masu juna biyu, ƙananan yara da masu ciwon baya, motar ƙanƙara mai ɗumi ta fi dacewa da su. Wuraren tsayawar kusan ɗaya ne.

Gurabe suna ƙarewa da wuri a makon Kirsimeti da sabuwar shekara da tsakiyar Fabrairu, a kama wuri watanni kafin lokaci. A tambaya ko kuɗin shiga gandu da mai da kayan sanyi suna cikin farashin, a kuma karanta sharaɗin inshora, domin lalacewar babur a wuyan mai haya take. Tukuicin ɗan jagora al'ada ce a Amurka, yawanci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Filin jirgin Bozeman yana da nisan kimanin kilomita 145 daga West Yellowstone, ta hanya mai lamba 191 da ke bin kwazazzabon Gallatin, mai kwana-kwana da santsi. Bai kamata wanda ya yini a kan babur ya kama wannan hanyar da dare ba. Ya kwana a garin daren da zai fita da daren da ya dawo, ya sa jirginsa washegari da rana.