TSAMIYA: ABIN DA KE CIKIN KWARYA DA ABIN DA KE BAKIN GONA

A bana darasinmu na kimiyyar gida zai tsaya a kan tsamiya. Mun zaɓe ta ne domin babu ɗalibi ko ɗaya a cikinmu, ko daga Bebeji ya fito, ko Kiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, wanda bai taɓa shan kunun tsamiya ba. Amma idan muka tambayi aji me ya sa iyayenmu mata suke zuba ruwanta a abinci, amsa ɗaya muke samu: domin daɗi. Gaskiya ne, sai dai amsar ba ta cika ba.

Bari mu fara da wata ƙasa mai nisa, gama wani lokaci sai mutum ya leƙa tukunyar wani yake gane tasa. A kudancin Indiya akwai jihar Kerala, a bakin teku, inda kifi yake abincin yau da kullum. Suna da wani ɗan itace da suke kira kudampuli. Siffarsa kamar ƙaramar kabewa ce, yana kuma nuna cikin damina. Sukan tsaga shi, su fitar da 'ya'yan ciki, su shanya ɓawon a rana, sa'an nan su kyafe shi a hayaƙi har ya yi baƙi ƙirin. Ranar dafa kifi sai a jiƙa gutsure biyu ko uku a ruwa, a zuba a tukunyar ƙasa tare da barkono. Miyar takan yi tsami sosai, tana kuma iya kwana biyu ko uku ba ta lalace ba, a ƙasar da ke da zafi da gumi. Itacen nan dangin namijin goro ne da muke saya a kasuwa, ko da yake ba shi da ɗacinsa. Ba ya tsiro a wurinmu, domin yana bukatar ruwan sama fiye da wanda muke samu. Aikin da yake yi musu kuwa, tsamiya ce take yi mana.

Ga yadda abin yake. Ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci, waɗanda ido ba ya gani, yawancinsu ba sa iya yaɗuwa da sauri a inda akwai tsami. A cikin naman tsamiya akwai asid da masana ke kira tatarik, yawansa kuwa yakan kai kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari. Yawancin 'ya'yan itace tsaminsu raguwa yake yi idan sun nuna, kamar yadda muka sani a mangwaro. Tsamiya ba haka take ba: sukari yana ƙaruwa a cikinta, amma asid ɗin yana nan daram. Shi ya sa take da zaƙi da tsami gaba ɗaya, shi ya sa kuma curin tsamiya yake shekara a ɗaki. Uwar da ta tuƙa tuwon dawa da ruwan tsamiya ta san tuwon zai kwana lafiya, a yi ɗumame da safe. Ba ta karanta kimiyya ba, amma kimiyya take yi. Haka kuma idan aka kawo tarwaɗa ko ƙarfasa daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ɗan ruwan tsamiya yana rage ƙarni kamar yadda lemun tsami yake yi. Sai dai mu kula, tsami yana jinkirta lalacewa ne kawai. Ba ya mai da ruɓaɓɓen kifi ya zama mai kyau.

Kowane ɗalibi zai iya gwada wannan asid a gida lokacin hutu. A jiƙa tsamiya a kofi ɗaya, a daka kanwa a zuba a ciki. Nan da nan za a ga kumfa tana tashi, watau asid ya gamu da kishiyarsa, iska tana fita. Wanda yake da zoɓorodo ya raba ruwansa biyu: wanda aka ɗiga wa tsamiya zai ƙara ja, wanda aka sa wa kanwa zai yi duhu. A kuma goga tsamiya a jikin tsohuwar tagulla a ga yadda take haske. Wannan ya kamata ya koya mana abu ɗaya game da tukwane: abin da ya ci dattin tagulla zai taɓa tukunyar alminiyam idan ya daɗe a ciki. Tukunyar ƙasa da mutanen Kerala suka riƙe, wadda mu muke rainawa yanzu, ita ta fi dacewa da abinci mai tsami.

Akwai abin dariya a tarihin sunanta. Larabawa sun same ta a hannun 'yan kasuwar Indiya, suka kira ta tamar hindi, watau dabinon Indiya, daga nan Turawa suka ɗauki nasu sunan. Alhali kuwa asalin itacen nan Afirka ne, a irin dajinmu. An kai ta Indiya tun zamanin da, ta karɓi ƙasar, har yau Indiya ce kan gaba a duniya wajen nomanta. A nan ne bambancin yake. Su dasa ta suke yi, gona guda, suna aure iri mai kyau a kan wani. Mu kuwa tsinta muke yi daga abin da kakanni suka bari.

Kuma abin da suka bari ba kaɗan ba ne. Bayan kunu da tuwo, ganyenta da furenta abincin dabbobi ne, zuma kuma tana son furen. Icenta mai tauri ne, ana sassaƙa turmi da taɓarya da ƙotar fartanya da shi. Har tufafi ta ba mu: akwai tsutsar da ke cin ganyenta ta yi saƙa, a dafa saƙar da ruwan toka, a kaɗa zare mai launin ƙasa-ƙasa wanda ake kira tsamiya, a yi aikin babbar riga da shi. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin wannan zaren ba.

Yanzu ga abin da ya dame mu. Tsofaffi sun riƙa cewa tsamiya gidan iskoki ce, ba a kwana a gindinta, ba a ɗora mata gatari. Mu ba mu yarda da wannan tsoro ba, ba ma koyar da shi. Amma dole mu faɗi gaskiya: tsoron nan ya tsare itatuwa da yawa shekara da shekaru. Tsoro ya tafi, ba mu kuwa sa wani abu a gurbinsa ba. Gawayin tsamiya yana da ƙarfi, yana daɗewa yana ci, mai saye a birni ya san haka. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta gefen dajin Falgore ya ga buhunan gawayi da tarin itace a bakin titi. Manomi kuma yana da nasa ƙorafin, gama inuwar tsamiya mai duhu ce, dawa ba ta yi a ƙarƙashinta. Ƙorafin gaskiya ne, ba za mu yi kamar ba mu ji ba.

To, sai mu yi lissafi kamar 'yan makaranta. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara 7 zuwa 10 kafin ta fara 'ya'ya. Idan ta ƙasaita tana iya ba da fiye da kilo 100 a shekara mai kyau, tana kuma iya rayuwa fiye da shekara 100. Wanda ya sare ta ya karɓi kuɗin gawayi sau ɗaya. Matar da take kaɗo ta kowane rani, ta ɓare, ta cura, ta kai kasuwar Kwanar Ɗangora, ita ce take biyan wannan hasara kowace shekara, sau da yawa kuma ba a yi shawara da ita ba. A gidaje da dama daga irin wannan ciniki ne kuɗin sabulu da littafin rubutu suke fitowa.

Game da inuwa, maganin shi ne wurin dasawa. Ba a tsakiyar gona ba, sai a kan iyaka, ko bakin hanya, ko filin makaranta da harabar majami'a, inda inuwar ake nema. Shuka ta ba wuya. A zaɓi ƙwallo daga itace mai manyan 'ya'ya masu nama, a jiƙa a ruwa kwana ɗaya, ko a ɗan kankare ɓawon da wuƙa, a sa a leda mai ƙasa da taki cikin watan Maris ko Afrilu. Yakan tsiro cikin mako ɗaya ko biyu. Idan ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli sai a dasa, a bar taku goma sha biyu ko fiye tsakanin ɗaya da ɗaya. Babban abokin gabanta a shekaru uku na fari akuya ce, bayanta sai gobarar daji, saboda haka a kewaye da ƙaya, a nome ciyawar gindin kafin iskar hunturu ta taso. Ɗalibin aji ɗaya da ya dasa a wannan damina zai gama aji shida itacen bai fara 'ya'ya ba. Ƙannensa ne za su fara sha.