Auna Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa: Darasi Ga Mai Zuba Jari A Rijiyar Burtsatse A Bauci

A unguwannin tsohon birnin Bauci, kamar Ƙofar Ran da kewayenta, sana'o'i da dama sun dogara ne kacokan kan ruwa. Masu buga bulo, da masu wankin mota, da gidajen burodi, da masu yin ƙanƙara, da masu ɗura ruwan leda, da 'yan ga-ruwa, kowannensu aikinsa yakan tsaya a ranar da ruwa ya yanke. Saboda haka 'yan kasuwa da yawa suka koma haƙa rijiyoyin burtsatse na kansu. Sai dai kuwa akwai waɗanda suka kashe kuɗi masu yawa suka tarar da rijiya ba ruwa, ko kuma ta ba da ruwa da damina ta ƙafe da bazara. Sanin yadda masana ke bincike da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya rage irin wannan hasara.

Yanayin ƙasar Bauci

Birnin Bauci, wanda Sarki Yakubu na ɗaya ya kafa a shekarar 1809, yana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri. Akwai ma wani nau'in dutse da masanin duwatsu Mosobalaje Oyawoye ya raɗa wa suna bauchite saboda a nan aka fi saninsa. Irin wannan dutse ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwa yana taruwa ne a wurare biyu kawai: cikin ruɓaɓɓen dutse da ke kwance a samansa, da kuma cikin tsagogin da ke jikinsa. Wannan ne dalilin da ya sa wani zai haƙa rijiya ya sami ruwa, maƙwabcinsa na bango ɗaya kuwa ya haƙa ya tarar da fa. Haka nan ƙara zurfi ba ya tabbatar da ƙarin ruwa, domin idan aka shiga dutse mara tsaga, kowace mita da aka ƙara kuɗi ne aka zubar.

A wasu sassan jihar lamarin ya bambanta. A arewa, wajen Azare da Katagum, ƙasar yashi da yumɓu ce ta yankin tafkin Cadi, wadda ke riƙe ruwa sosai. A gabas kuwa, wajen Alƙaleri da Darazo, akwai dutsen yashi, amma a wurare da yawa ruwan yana da nisa ƙwarai, abin da ke ƙara tsadar haƙa da ta zuƙowa.

Matakan bincike kafin a kashe kuɗi

Mataki na farko shi ne awon ƙasa. Masana sukan kafa sandunan ƙarfe a ƙasa, su tura wutar lantarki, su auna yadda ƙasar ke tare wutar. Dutse mara tsaga yana tare wuta ƙwarai, ruɓaɓɓen dutse mai jiƙe da ruwa kuwa yakan bar ta ta wuce. Da wannan ake ƙiyasta kaurin ruɓaɓɓen dutsen da wurin da ya fi dacewa a haƙa. Awon ba ya ba da tabbas ɗari bisa ɗari, amma kuɗinsa kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin rijiyar da ba ta ba da ruwa ba. A cikin gari mai cunkoso irin Ƙofar Ran, gine-gine da bututun ƙarfe da wayoyin lantarki sukan dagula awon, don haka ana bukatar ƙwararre. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci tana da sashen nazarin duwatsu da ke horas da irin waɗannan ma'aikata.

Mataki na biyu shi ne gwajin zuƙo ruwa bayan an gama haƙa. Akan auna zurfin ruwan kafin a kunna famfo, sa'an nan a yi ta zuƙowa na tsawon sa'o'i, sau da yawa kwana ɗaya cur, ana rubuta yadda ruwan ke sauka, daga baya a kashe famfon a rubuta yadda yake komawa matsayinsa. Daga nan ake sanin yawan ruwan da rijiyar za ta iya bayarwa ba tare da ta ƙafe ba, da girman famfon da ya dace da ita. Famfon da ya fi ƙarfin rijiya yakan zuƙe ruwan ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone.

Alal misali, rijiyar da ke ba da lita 1 a daƙiƙa tana ba da lita 3,600 a sa'a, watau lita 28,800 cikin sa'o'i 8, daidai da jarka 1,152 mai cin lita 25. Idan kuwa rabin lita take bayarwa, jarka 576 ke nan. Ɗan kasuwar da ya ci bashin banki bisa lissafi na farko, rijiyarsa kuma ta zo da na biyu, rabin cinikin da ya sa rai ya tafi tun kafin ya fara. Wani nazari da hukumar binciken duwatsu ta Birtaniya ta fitar a 2012 ya nuna cewa a yawancin sassan Afirka ana iya samun ruwan da zai ishi famfon tuƙa-tuƙa, amma rijiyoyin da ke ba da fiye da lita 5 a daƙiƙa ba su da yawa.

Mataki na uku shi ne gwajin tsabtar ruwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda aka fitar a 2007, ta kayyade sinadarin naitiret a kan miligiram 50 cikin kowace lita, fuloraid kuma miligiram 1.5. Yawan naitiret alama ce ta cewa ƙazantar masai, ko juji, ko takin zamani na tsiyayowa cikin ruwan. An fi so a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai, abin da ke da wuya a tsohon gari inda gidaje ke manne da juna. Jihar Bauci tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi shafa. Mai sayar da ruwan leda kuma sai ya sami rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993.

Sa ido a kai a kai

Ruwan ƙarƙashin ƙasa a Bauci daga ruwan sama yake samuwa, wanda ke kaiwa kimanin milimita 1,000 a shekara, akasarinsa tsakanin Mayu da Satumba. Ruwan rijiya yakan hau a ƙarshen damina, ya yi ƙasa a watannin Afrilu da Mayu. Saboda haka rijiyar da aka gwada a watan Satumba tana iya yaudarar mai ita. Ya kamata mai rijiya ya riƙa auna zurfin ruwansa sau ɗaya a wata, da safe kafin a kunna famfo, yana rubutawa a littafi tare da yawan sa'o'in da famfon ya yi aiki. Idan awon watan Afrilu na ƙara nisa shekara bayan shekara, to ana ɗibar ruwa a unguwar fiye da wanda damina ke mayarwa. Rijiyoyin da ke kusa da juna kuma sukan janye wa juna ruwa, kamar yadda yawan shafe filaye da siminti ke hana ruwan sama nutsewa.

A matakin ƙasa, hukumar NIHSA, wadda dokar 2010 ta kafa, ita ce ke da alhakin tattara bayanan koguna da na ruwan ƙarƙashin ƙasa. Tun 1976 aka kafa hukumomin raya koguna, kuma biyu daga cikinsu suna aiki a Jihar Bauci: ta Haɗeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, da ta Binuwai ta Sama mai hedkwata a Yola, domin kogin Jama'are yana nufar tafkin Cadi, kogin Gongola kuwa yana faɗawa Binuwai. A duniya kuma, taurarin ɗan'adam na GRACE, waɗanda Amurka da Jamus suka harba a 2002, sun yi aikin auna ƙaruwa da raguwar ruwan manyan yankuna har zuwa 2017, aka kuma harba magadansu a 2018. Sai dai ba sa iya bayyana halin rijiyar mutum ɗaya.

Ruwan famfo na birnin Bauci daga madatsar Gubi yake zuwa, kuma a 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 250 don gyaran ruwan birane a jihohin Bauci, Ekiti da Ribas. Duk da haka rijiyoyin burtsatse suna nan suna cike giɓi. Kafin ɗan kasuwa ya biya mai haƙa rijiya cikon kuɗinsa, ya dace ya karɓi takardu huɗu: rahoton awon ƙasa, bayanin irin ƙasar da aka ratsa da zurfin bututun da aka sa, sakamakon gwajin zuƙo ruwa, da sakamakon ɗakin gwaji. Zai fi kyau a rubuta wannan sharaɗi cikin yarjejeniya tun kafin motar haƙa ta iso.