Fansar Fursunonin Badar da Malamin Aji Ɗaya: Nasiha ga Masu Mulki

 

Wani ɗalibi ya turo mini tambaya, ya ce: Malam, kullum muna jin masu mulki suna cewa za su mayar da Najeriya ƙasa mai dogaro da ilimi maimakon man fetur. To wai ta ina ake farawa? Kuma malaman addini suna da abin cewa a nan, ko magana ce ta 'yan boko kaɗai?

Muna da abin cewa kuwa. Bari mu fara daga Madina.

A shekara ta 2 bayan hijira aka yi yaƙin Badar, Musulmi suka kama fursunoni saba'in daga Ƙuraishawa. Aka sanya musu kuɗin fansa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, daga dirhami 1,000 har zuwa 4,000. Imam Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) cewa akwai waɗanda ba su da abin biya, sai Annabi (SAW) ya sanya fansarsu ta zama koya wa 'ya'yan Ansar rubutu. A ruwayar Ibn Sa'ad aka ambaci adadi: kowane fursuna yara goma, idan sun iya sai a sake shi.

Ɗan uwa, ka duba halin da Madina take ciki a lokacin. Muhajirai sun baro dukiyarsu a Makka, akwai yunwa, ga abokan gaba suna shirin ɗaukar fansa. Duk dirhamin da ya shigo akwai inda ake jiransa. Amma aka lissafa yaro mai iya rubutu a matsayin dukiya. Kuma ka lura da abubuwa biyu. Da yara aka fara, ba da manya ba. Sannan ba a ce "ya zauna da su wata uku" ba, a'a, sai sun iya. Abin da ake aunawa shi ne abin da ya shiga kan yaro, ba kwanakin da malami ya yi ba.

A kan wannan nake gina nasihata: ƙasa mai ilimi daga aji ɗaya na firamare ake kafa ta, a hannun malamin da aka horar aka kuma biya shi. Duk abin da aka ɗora a sama, jami'a ce ko cibiyar kwamfuta, nauyinsa a kan wannan malami yake.

To yaya muke da shi? Na taɓa shiga wata firamare ta gwamnati, ba sai na faɗi gari ba. 'Yan aji biyar ne, sun cika ɗaki har bakin ƙofa, mafi yawansu a ƙasa. Malama ta rubuta jimlar Turanci a allo, tana faɗa suna amsawa da ƙarfi, gwanin sha'awa. Sai na ɗauki alli na rubuta "Audu ya tafi kasuwa", na nuna wani yaro. Shiru. Na nuna na kusa da shi. Shiru. Wallahi sai da na ji kunyar tambayar. Shekara biyar ke nan iyayensu suna cewa sun tafi makaranta, kuma a takardar gwamnati suna cikin waɗanda aka ƙirga ana murna.

Ba na ɗora wa malamar laifi ita kaɗai. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, fiye da 21,000 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan korar, wasu na yabo wasu na zagi. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce: wa ya ba su shaidar malanta, kuma wa ya ɗauke su aikin? Ai mun sani. Koyarwa ta zama aikin da ake bai wa ɗan gidan wane saboda ya yi wahala lokacin zaɓe, kuma kwalejin ilimi ta zama inda ake zuwa idan jami'a ta ƙi karɓa. Dattawa suna tuna zamanin makarantun horon malamai, lokacin da malamin firamare yake da keke da kwarjini a gari, ana kai masa takarda ya karanta. Yau albashinsa daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa, shi ne na ƙarshen gani, wani lokaci ma a biya shi rabi. Wane yaro mai ƙwazo zai ga malaminsa yana acaɓa bayan an tashi, ya ce shi ma malami zai zama?

Kuma kada a ce babu kuɗi kwata-kwata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa hukumar UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Shekara da shekaru ana samun biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Gwamnan da ya samu kuɗin gadar sama amma ya rasa wannan, ba talauci ne ya hana shi ba. Gada ana yanke zare a buɗe ta a ɗauki hoto, shi kuwa karatun yaro sai bayan ka bar mulki ake ganin amfaninsa. Wannan amana ce, kuma shugaba abin tambaya ne a kan waɗanda aka ba shi kiwo.

Sai maganar harshe, wadda mutane da yawa ba sa son a taɓo. Yaro yana koyon karatu sau ɗaya ne a rayuwarsa, wato ya gane cewa wannan baƙi da wannan wasali su ne suke ba da wannan sauti. Idan ya gane haka a harshen da yake ji, zai ɗauki basirar ya kai ta kowane harshe. Amma idan ka haɗa masa baƙon rubutu da baƙon harshe rana guda, sai ya koma hadda kamar aku. An gwada wannan a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi guda a hannun ƙwararren malami. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba, a wasu darussan ma sun fi su.

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyarwa da harshen uwa har aji shida. A Nuwamban 2025 aka soke, aka ce yana jawo faɗuwa jarrabawa. Subhanallah! Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, wace jarrabawar kammala sakandare ya zauna? Ba a buga littattafan ba, ba a horar da malaman ba, sai aka ce magani bai yi aiki ba alhali ba a sha ba. Kada wani ya fahimce ni a baibai, ba na cewa a bar Turanci. Zaidu ɗan Sabit (RA) da umarnin Annabi (SAW) ya koyi rubutun Yahudawa cikin kusan rabin wata, saboda daula tana buƙatar mai karanta mata wasiƙu. Amma ai Zaidu ya riga ya iya rubutu da harshensa kafin nan.

Magabatanmu sun san wannan. Nana Asma'u 'yar Shehu ta iya Larabci sarai, amma da ta tashi ilmantar da matan karkara sai ta tsara karatun da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna kai shi ƙauyuka, abin da ake kira 'Yan Taru. A shekarun 1950 kuma, lokacin Yaƙi da Jahilci, gwamnatin Arewa ba ta tsaya ga buɗe azuzuwa ba, sai da ta kafa hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai samu abin karantawa ba, zai manta. Yau ka shiga firamare goma ka nemi littafin labari guda da yaro zai tafi da shi gida.

Tsangaya ma haka. Zamanin Jonathan an gina makarantun almajirai fiye da 150, aka buɗe ta farko a Gagi, Sakkwato, a 2012. Da yawansu sun lalace bayan an miƙa wa jihohi. An yi gini, amma ba a jawo alaramma an zauna da shi ba, shi kuwa shi iyaye suka bai wa 'ya'yansu. Almajirin da ya rubuta allo shekara da shekaru ya riga ya san alƙalami, ya san haƙurin zama. Kawo masa malamin lissafi da na boko har tsangayarsa, a ba shi abinci, a bai wa alarammansa alawus na mutunci, ya fi sauƙi kuma ya fi araha a kan sabon gini. An kafa hukumar almajirai ta ƙasa a 2023, muna fata ta nan za ta bi. Mu ma iyaye da laifinmu: ciyar da ɗa wajibin uba ne, ba na mutanen gari ba.

Jami'a ba zan tsawaita ba. Wata takwas aka yi a rufe a 2022 saboda yajin aiki. A cika alƙawarin da aka sa wa hannu, shi ke nan.

Kai kuma ɗalibina mai tambaya, idan ɗan takara ya zo unguwarku, kada ku tambaye shi azuzuwa nawa zai gina. Ku tambaye shi ko jiharsa ta biya kasonta na UBEC a bara, da ranar da malamin firamare yake ganin albashi. Kafin nan ma, yau da daddare ka kira ƙaninka ɗan aji uku, ka rubuta masa jimla ɗaya ta Hausa, ka ce ya karanta maka. Abin da ka gani ka rubuto mana a ƙasa, mu ji daga garuruwa daban-daban.

Wallahu a'alam.